Matsalar Gogar Hannun Feda a Tsohon Keken Hawan Dutse da Yadda Ake Magance Ta

Gabatarwa

Daga cikin kayan gwanjon da ke shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma daga Turai da Amurka akwai tsofaffin kekunan hawan dutse, waɗanda aka ƙera a shekarun 1980 da 1990. Kekuna ne masu ƙwari da jure wahala, kuma sau da yawa akan tarar firam ɗinsu, wato gangar jikin keken, yana nan da lafiyarsa ko da sauran kayan sun cinye. Saboda haka mai sha'awa yakan sayi firam a wannan rumfa, ya samo hannun feda a waccan, ya kai wa mai gyara domin a haɗa masa keke. A wajen wannan haɗi ne wata matsala takan ɓullo. Bayan an ɗaure komai, sai a juya feda a ji wani sauti, ƙas, ƙas, sau ɗaya a kowane zagaye. Idan aka duba, sai a ga ƙarshen hannun feda yana dukan bututun da ya nufi tayar baya, ko kuma haƙoran farantin sarƙa suna kankare fentinsa. Wani lokaci ma ba a jin komai sai mahayi ya miƙe tsaye ya taka da ƙarfi a kan hawa.

Abin da ya bambanta keke mai lafiya da mai wannan cuta bai wuce milimita 3 ko 4 ba. Amma waɗannan 'yan milimita su ne ke hana firam hujewa, su hana sarƙa saurin cinyewa, kuma suna da nasaba da lafiyar gwiwar mahayi. Wannan maƙala za ta bayyana asalin matsalar, da yadda ake auna ta, da hanyoyin gyara bisa tsari, sannan da dalilin da ya sa bai kamata a wuce gona da iri wajen gyaran ba.

Asalin matsalar

Keken hawan dutse ya samo asali ne a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970. Wasu samari ne suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekunan kamfanin Schwinn masu faffaɗar taya suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. A shekarar 1976 suka fara wata tseren gangara da ta yi suna, wadda ake kira Repack. A 1977 Joe Breeze ya ƙera firam na musamman domin wannan aiki, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda yana cikin kekunan hawan dutse na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa.

Tun daga farko maƙeran waɗannan kekuna suka ci karo da ƙarancin wuri. Tayar keken tseren kwalta na wancan zamani faɗinta bai wuce milimita 23 zuwa 25 ba, alhali tayar keken dutse mai inci 26 takan kai inci 2.125, wato kimanin milimita 54, kuma dole a bar mata sarari a kowane gefe saboda laka. Akwai bututu biyu da suka tashi daga wurin da feda ke juyawa suka nufi gindin tayar baya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. A wannan maƙala za a kira su bututun baya. Dole waɗannan bututu su buɗe da sauri domin su kewaye faffaɗar taya, kuma a daidai wurin da suka buɗe ɗin ne farantan sarƙa da hannun feda ke wucewa ta waje. Ke nan bututun yana matse tsakanin taya ta ciki da kayan feda ta waje. Bugu da ƙari, yayin da yawan giyoyi ya ƙaru, faɗin gindin tayar baya ya tashi daga milimita 126 zuwa 130, daga baya ya zauna a 135, wanda ya ƙara buɗa bututun.

Maƙera sun bi hanyoyi iri-iri. Wasu sun lotsa bututun a masana'anta, wasu sun lanƙwasa shi. A ƙarshen shekarun 1980 Richard Cunningham ya zana keken Nishiki Alien, inda ya ɗaga bututun baya sama da sarƙa gaba ɗaya domin ya kauce wa wannan cunkoso. A daidai wannan lokaci kuma wasu kamfanoni suka riƙa maƙala birkin baya a ƙarƙashin bututun, abin da ya ƙara cinye ɗan wurin da ya rage. Saboda haka kowane tsohon firam yana da irin kayan fedar da aka zana shi dominsu, kuma ba kowane hannu ne zai zauna masa ba.

Sassan da abin ya shafa

A ƙasan firam akwai wani gajeren bututu a kwance, wato gidan feda. A kekunan dutse na wancan zamani faɗinsa milimita 68 ne ko 73. A cikinsa ake murɗa boris ɗin da sandar tsakiya ke juyawa a kai. Ya kamata a tuna cewa zaren ɓangaren dama na wannan gida a juye yake, wato ana kwance shi ne ta inda ake ɗaure sauran notina.

Masu gyaran da suka saba da Raleigh ko Phoenix sun san hannun feda mai kota, wanda ake dokawa da guduma. Na keken dutse ya sha bamban. Bakin sandar tsakiya mai kusurwa huɗu ne, kuma kowace fuska tana tsukewa da digiri 2 zuwa ƙarshe. Ramin hannun feda shi ma haka aka yi shi, sai noti ya tura hannun ya hau sandar har ya kama gam. Sandunan suna zuwa da tsawo daban-daban, waɗanda aka fi gani su ne milimita 107, 110, 113, 118, 122.5 da 127.5. Tsawon sanda shi ne ke nuna nisan da hannu da faranti za su zauna daga jikin firam.

Akwai kuma abin da ake kira layin sarƙa, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar firam da farantin tsakiya. A keken dutse mai faranti uku an tsara shi ya kasance milimita 47.5 zuwa 50, a keken kwalta mai faranti biyu kuwa 43.5 ne. Wannan awo yana da muhimmanci domin tsakiyar giyoyin baya a gindi mai faɗin 135 tana kusa da milimita 45 daga tsakiyar firam, kuma ana son sarƙa ta tafi kusan a miƙe.

Abubuwan da ke haddasa gogayya

Dalili na farko, wanda ya fi yawa, shi ne sandar da ba ta dace da hannun ba. Hannuwan shekarun 1980 kusan a miƙe suke, don haka suna bukatar doguwar sanda. Alal misali, Shimano Deore XT samfurin M730 an yi shi ne domin sanda mai milimita 122.5. A shekarun 1990 aka koma ƙera hannu mai lanƙwasa zuwa waje, wanda ke zama a kan sanda mai 107 zuwa 113. Idan aka ɗora tsohon hannu a kan gajeriyar sanda, zai shige ciki da kimanin milimita 5 ko fiye a kowane gefe. Abin lura a nan shi ne, hannu ne ke zaɓar tsawon sanda, firam kuma shi ke zaɓar faɗin gida.

Dalili na biyu shi ne bambancin ƙa'idar baki. Akasarin kayan Japan, irin su Shimano, suna bin ƙa'idar JIS, wasu kayan Turai kuwa, irin su Campagnolo, suna bin ta ISO. Kusurwar tsukewarsu ɗaya ce, amma bakin ISO ya fi siranta kaɗan. Hannun JIS a kan sandar ISO yakan shige ciki da kimanin milimita 4 fiye da yadda ya kamata.

Dalili na uku shi ne cinyewar rami. Hannun feda na alminiyam ne, sanda kuwa ta baƙin ƙarfe ce. Idan aka hau keke noti yana kwance, sandar takan buɗa ramin. Lissafi ya nuna illar wannan: da yake kowace fuska tana tsukewa da digiri 2 ne kawai, ƙarin faɗin rami na kashi ɗaya cikin goma na milimita yana sa hannu ya shige ciki da kusan milimita ɗaya da rabi. Cinyewar da ido ba ya gani ta isa ta haɗiye dukkan tazarar da ake da ita.

Dalili na huɗu shi ne sanya hannun keken kwalta a firam ɗin dutse, musamman na zamani. Daga wajen shekarar 2003 Shimano ya fara yin tsarin Hollowtech II, inda sanda mai kaurin milimita 24 ke manne da hannun dama, boris kuma ya fito wajen gida. A wannan tsari ba a iya sauya tsawon sanda. Na kwalta an yanka sandarsa ne domin gida mai 68 kawai, hannuwansa kuma suna kusa da juna.

Dalili na biyar shi ne girman faranti. Tsakanin haƙori da haƙori akwai rabin inci, wato milimita 12.7, saboda haka kowane haƙori yana ƙara wa faranti kimanin milimita 2 daga tsakiyarsa zuwa baki. Faranti mai haƙora 32 yana kai wa milimita 65, mai 36 ya kai 73, mai 42 kuwa ya kai 85. Waɗanda ke cire faranti uku su bar guda ɗaya sukan ɗaura mai haƙora 42 a mazaunin tsakiya, inda aka tanada domin mai 32 ko 36, sai haƙoran su isa wurin da bututun ya riga ya buɗe. Haka nan hannu mai tsawon milimita 175 yana isa baya fiye da mai 170, inda bututun ya fi faɗi.

Dalili na ƙarshe shi ne firam ɗin kansa. Faɗuwa ko dannewa a cikin kwantena tana iya karkatar da bayan keke zuwa gefe ɗaya. Haka kuma idan aka buɗa firam mai 126 ko 130 da ƙarfi domin ya karɓi gindin taya mai 135, bututun biyu sukan matso kusa da hannuwa.

Yadda ake aunawa

Ba a fara sayen kaya sai an yi awo. Da farko a gano wurin da ake gogar. A manna farar takarda mai ɗanko a kan bututun baya na kowane gefe, a hau keken a taka da ƙarfi, sannan a duba inda ta karce. Ba kullum bututun ne mai laifi ba. Wani lokaci hannun yana taɓa na'urar sauya giya ta gaba, ko jikin birki, ko sandar jingine keke, ko kuma ƙarshen ƙarfen feda ne ya leƙo ta bayan hannu.

Na biyu, a tabbatar firam a miƙe yake. A ɗaura zare a mazaunin tayar baya na dama, a zagayo da shi ta bututun da ke riƙe da kan keke, a dawo da shi mazaunin hagu a ɗaure tamau. Sai a auna nisan zaren daga bututun sirdi ta dama da ta hagu. Idan bambancin ya wuce milimita 2 ko 3, bayan keken ya karkata, kuma wannan ne abin fara gyarawa. Ana iya miƙe firam na baƙin ƙarfe a wurin gwani, amma ba a yi wa na alminiyam haka.

Na uku, a auna faɗin gidan feda da rula ta ƙarfe, a cire sandar a auna tsawonta daga baki zuwa baki. A lura cewa tsofaffin sanduna da yawa ɓangaren damansu ya fi na hagu tsawo, alhali na zamani masu rufaffen boris yawanci kusan daidai suke. Maye gurbin tsohuwa da sabuwa mai tsawo ɗaya yana iya jawo faranti ciki.

Na huɗu, a auna tazarar kanta, bayan an ɗaure noti sosai, domin hannu yana ƙara shiga 'yan milimita yayin ɗaurewa. Ƙarfin ɗaurin da Shimano ya ƙayyade wa irin wannan noti shi ne niyuton-mita 35 zuwa 50. Makullai masu kusurwa shida, waɗanda makanikai ke kira alanki, suna da amfani a nan, tun da an san kaurin kowanne. A juya hannu ya daidaita da bututu, a zura mai milimita 3, sannan mai 4, sannan mai 5, har a sami wanda ya cika wurin. A yi haka dama da hagu, a kuma yi wa haƙoran kowane faranti. Masu gyara da yawa ba sa yarda da abin da ya gaza milimita 3, kuma ga mahayi mai nauyi ko firam mai sirarran bututu 5 ya fi kwanciyar hankali. Dalili kuwa shi ne, idan aka taka da ƙarfi gidan feda yana karkata, hannun ma yana ɗan lanƙwasawa, sai tazarar da aka gani a tsaye ta ragu.

Hanyoyin gyara

Idan gefe biyu duk sun matse, magani shi ne sanda mai ɗan ƙarin tsawo. A sandar da ɓangarorinta suke daidai, rabin ƙarin ne ke zuwa kowane gefe. A ɗauka an sami milimita 1 a dama da 2 a hagu a kan sanda mai 113. Idan aka sa mai 118, kowane gefe zai ƙaru da 2.5, sai a sami 3.5 da 4.5, layin sarƙa kuma ya tashi daga 47.5 zuwa 50, wanda har yanzu yana cikin ƙa'ida. Idan kuwa aka yi tsalle zuwa mai 127.5, layin zai kusanci 55. Sarƙa za ta riƙa karkata a manyan giyoyin baya, ta yi ƙara, ta cinye da wuri, kuma na'urar sauya giya ta gaba tana iya kasa kai ta babban faranti.

Idan dama ce kaɗai ta matse, hagu kuma tana da sarari, firam kuwa a miƙe yake, ana iya sanya washa mai kaurin milimita 1 zuwa 2.5 a bayan leɓen boris na dama. Wannan yana tura sandar duka zuwa dama. A ɗauka akwai 1 a dama da 7 a hagu. Washa mai 2.5 za ta mayar da su 3.5 da 4.5. Ba a tara washa da yawa, domin zaren da ke riƙe da boris zai ragu.

Idan faranti ne ke gogar, a rage girmansa ko a mayar da shi mazaunin waje. Rage haƙora 2 yana janye bakinsa da milimita 4. Idan ƙarshen hannu ne ke taɓawa kaɗan, hannu mai 170 a maimakon 175 yana iya wadatarwa, kuma gajeren mahayi zai fi jin daɗinsa.

A tsarin Hollowtech II na dutse, gida mai 68 yana ɗaukar washa uku masu 2.5, biyu a dama ɗaya a hagu, mai 73 kuwa ɗaya kawai a dama. Mantawa da su kuskure ne da ake yawan yi. Amma ƙara washa fiye da haka domin a tura hannun kwalta waje haɗari ne, domin hannun hagu ba zai sami isasshen wurin kamawa a kan sandar ba, yana iya zamewa ana cikin tafiya. Irin wannan hannu sai dai a sauya shi da na dutse. Haka ma hannun da raminsa ya cinye, ko ya fara tsagewa daga kusurwa, ba shi da gyara. Ƙara ɗaure noti yana ƙara tura shi ciki ne kawai.

Ƙarin ƙarfe da ake murɗawa tsakanin feda da hannu yana taimakon mahayin da dunduniyarsa ke taɓa bututu, amma ba ya matsar da hannun feda ko kaɗan.

Abin da jikin mahayi ke bukata

Mai karatu zai iya tambaya: me zai hana a sa sanda mafi tsawo a huta? Amsar farko ita ce layin sarƙa, kamar yadda aka gani. Amsa ta biyu tana cikin ƙirar jikin ɗan Adam.

Ƙashin cinyar mutum ba a tsaye yake sak ba. Daga kwatangwalo yana karkatowa ciki zuwa gwiwa da kimanin digiri 8 zuwa 11, abin da ke kawo gwiwoyi da sawaye ƙarƙashin tsakiyar nauyin jiki. Ba a haifar jariri da wannan karkata. Tana samuwa ne a hankali yayin da yaro ya fara tsayuwa da tafiya. Birin cimfanzi ba shi da ita, shi ya sa idan ya yi tafiya da ƙafa biyu yake rangaji dama da hagu. Saboda wannan ƙira, faɗin da ke tsakanin sawun dama da na hagu a tafiyar mutum bai cika wuce santimita 10 zuwa 12 ba.

A kan keke kuwa abin ya bambanta. Nisan da ke tsakanin fuskar waje ta hannun dama da ta hagu, wanda masana keke ke yi wa laƙabi da harafin Q, yana kusa da milimita 146 zuwa 150 a keken kwalta, a keken dutse kuma yakan kai 170 ko fiye. An danganta laƙabin ga Grant Petersen lokacin da yake aiki a kamfanin Bridgestone a Amurka, wanda ya kwatanta buɗaɗɗen taku da tafiyar agwagwa. Tsakiyar feda tana ƙara kimanin milimita 53 a kowane gefe. Ke nan sawayen mahayin keken dutse suna nesa da juna da kusan santimita 28, wato fiye da ninki biyu na abin da suka saba a ƙasa.

Gwiwa gaɓa ce da aka fi tsara ta domin lanƙwasawa gaba da baya. Idan aka tura sawu waje, ƙarfin taku yana ƙara matsa mata ta gefe. Wani bincike da aka buga a 2020 daga Jami'ar Tennessee ta Amurka ya nuna cewa faɗaɗa wannan tazara yana ƙara irin wannan nauyin gefe a kan gwiwa. Kafin nan, a 2014, masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun gwada mahaya a kan tazarar milimita 90, 120, 150 da 180, suka tarar ƙananan biyun sun ɗan fi tattalin kuzarin jiki, ko da yake bambancin bai da yawa. Tun kafin waɗannan gwaje-gwaje, Graeme Obree ɗan Sikotilan ya ƙera kekensa da hannunsa da matsattsen gidan feda, har ya yi amfani da boris ɗin injin wanki, domin ƙafafunsa su kusanci juna. A kan irin wannan ƙira ya yi tafiyar kilomita 51.596 cikin sa'a ɗaya a garin Hamar na ƙasar Norwe a watan Yuli na 1993, ya karya bajintar da Francesco Moser ya kafa a 1984.

Wannan ba ya nufin cewa matsatsi ya fi wa kowa. Mai faɗin kwatangwalo yakan fi sakewa idan an ɗan buɗa masa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne yawan maimaitawa. Mahayin da ke juya feda sau 80 a minti yana lanƙwasa kowace gwiwa sau 4,800 a sa'a guda. Ƙaramin matsin da ba a ji a zagaye ɗaya yana iya taruwa ya zama ciwo bayan watanni. Saboda haka ba a ƙara faɗi sai gwargwadon bukata, kuma ana ƙoƙarin kada ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nisa daga tsakiya da yawa. Wanda ya fara jin ciwon gwiwa bayan an sauya masa kayan feda, ya kamata ya koma a sake awo, idan ciwon ya ci gaba kuma ya ga likita.

Abubuwan da ya kamata a guje wa

Akwai gyare-gyare biyu na gaggawa da kan jawo asara. Na farko shi ne goge bayan hannun feda da magagari. Ƙarshen hannu shi ne wurin da zaren feda yake, inda dukkan nauyin mahayi ke sauka. Alminiyam yana gajiya da maimaita nauyi, kuma tsagewa takan fara ne daga karce ko wurin da aka rage kauri. Hannun da ya karye yayin da mahayi ke tsaye a kan feda yana kayar da shi nan take, wataƙila a tsakiyar titi.

Na biyu shi ne dukan bututun baya da guduma. Kaurin bangon wannan bututu a firam mai kyau na baƙin ƙarfe bai cika kai milimita 1 ba. Gwanin ƙera firam yana iya lotsa shi a hankali da matsewa, da kayan aikin da ke tallafe ɗaya gefen, amma duka yana karya shi ya bar ƙunci mai kaifi, ya kuma karkatar da bayan keken. Firam na alminiyam kuwa ba a lotsa shi ko ta wace hanya. Garin neman gira ne ake rasa ido.

Barin gogar ta ci gaba shi ma ba mafita ba ne. Fenti ne zai fara tafiya, tsatsa ta biyo baya da damina, sannan ƙarfen ya riƙa sirancewa har ya huje. Idan an riga an sami karce, a goge wurin a duba zurfinsa. Wanda bai wuce fenti ba sai a shafa masa sabon fenti, wanda ya ci ƙarfe kuwa a nuna wa gwani kafin a sake hawa.

Kammalawa

Matsalar gogar hannun feda ta samo asali ne daga ƙarancin wuri tsakanin faffaɗar taya da kayan feda, kuma kowane tsohon firam yana da iyakar abin da zai karɓa. Wanda zai haɗa irin wannan keke ya fara da zare da rula: ya tabbatar firam a miƙe yake, ya san faɗin gidan feda, ya san tsawon sandar da hannun ke bukata da ƙa'idar bakinta, sannan ya auna tazara dama da hagu bayan ɗaurewa. Sandar da ta dace ita ce mafi gajarta daga cikin waɗanda za su bar aƙalla milimita 3 zuwa 5 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ba tare da layin sarƙa ya wuce 50 da yawa ba. Kuɗin sabuwar sanda ko washa bai kai na firam ba, balle na jinyar gwiwa. Tsohon firam da aka haɗa bisa wannan tsari zai iya ƙara shekaru masu yawa yana aiki.